Nankling da Aiken Baba Abukari a Bakin Kanal

Nankling mace ce da ba ta iya zama a kujera alhali babba yana tsaye. A Pankshin aka haife ta, a hannun kakarta ta girma, kuma tun tana ƙarama ita ce 'yar aiken unguwa guda: ɗebo ruwa, kai tuwo gidan makoki, kiran mai ɗori idan wani ya karye. A gidansu idan tsoho ya ce je ki, ba a tambayar dalili, sai dai a tambayi ina. Da wannan hali ta yi aikin jinya a wani asibiti a Jos, da shi kuma ta sauka a New York. Amurka ta sauya mata takalmi, ta sauya mata tafiya, ta koya mata shan shayi a tsaye, amma wannan ɗaya ya gagare ta. Har yau da hannu biyu take miƙa wa tsoho kofi tana ɗan rusunawa, abokan aikinta na yi mata dariya, ita ko a jikinta.

Aikinta na farko a ƙasar a wani gidan tsofaffi ne. Gaskiya ba a dukan kowa a wurin, abinci kan kari, zanin gado fes. Abin da ya kore ta ƙofa ce. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da lambar sirri, kuma kullum da yamma sai ka ga dattawa sun sa huluna sun tsaya a bakinta suna jiran a zo a tafi da su gida. Nankling ta yi ta kallon wannan har zuciyarta ta gaji, ta ajiye aikin ta koma kula da tsofaffi a gidajensu. Tun daga nan kowace safiya takan bar ɗakinta a University Heights, ta bi jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ta hau jirgin fito ta haye zuwa St. George, wata unguwa a tsibirin da ke ƙetare, gidan Baba Abukari.

Baba Abukari mutumin zangon Takoradi ne a Gana. Ya zo yana saurayi a jirgin ruwa, ya sauka bai koma ba, ya ƙare ƙarfinsa a kan jiragen da ke dakon tsakuwa da mai zuwa cikin kanal ɗin Gowanus, wato tsohuwar hanyar ruwan nan da aka haƙa a tsakiyar Brooklyn. Yanzu tsufa ya kawo masa ciwon mantuwa. Wata rana garau yake, har ya gyara maka labarin da ka ba shi. Wata rana kuwa ya tambayi ina matarsa, wadda ta daɗe a kabari. 'Yarsa Zaituna ce ke riƙe da shi, ga aiki ga 'ya'ya, ba ta da mataimaki sai Nankling.

Da zafin bana tsohon ya sulale daga gida da silifa, aka neme shi sama ko ƙasa, sai 'yan sanda ne suka tsinto shi a tashar jirgin fito. Ran nan Zaituna ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta gaya wa Nankling cewa ta riga ta samo masa gurbi a gidan tsofaffi, har ta kai ta ta ga ɗakin. Nankling ta roƙe ta, ta yi rantsuwa, ta ce ita za ta zame masa ido. Zaituna ta haƙura, amma da sharaɗi guda, kuma ta faɗe shi a gaban uban: ranar da 'yan sanda suka sake dawo da shi, ranar zai bar gidan. Ta sayo masa wani agogo mai nuna inda yake a wayarta, ta ɗaure masa a hannu.

Farkon kaka ya shigo, zafi ya sauka, ganyen bishiyoyi ya fara rikiɗa zuwa ja da rawaya. Baba ya tasa su gaba da maganar kanal. Ashe tun da ya bar aiki, duk shekara a irin wannan lokaci yakan je ya zagaya bakin ruwan, ya ga abin da ya rage. Ya yi ta naci har Zaituna ta yarda, wata Asabar da ya tashi da hankalinsa cif. A bakin ƙofa ta kama hannun Nankling.

"Anti, please, kar ki sake shi. Ko second ɗaya."

Nankling ta ce in Allah ya yarda. A jakarta ta zuba maganinsa, da gorar ruwa, da 'yar dardumarsa, ko da yake ita mai zuwa coci ce, 'yar zumuntar mata ma, amma yanzu ta fi tsohon sanin lokacin sallarsa.

Da suka isa, sun tarar da unguwar kanal ɗin cike da mutane. Masu zane da masu ginin tukwane sun buɗe ƙofofin tsofaffin masana'antu suna nuna aikinsu, baƙi na bi ɗaki ɗaki da kofin gahawa a hannu. Wasu sun jeru a kan gadar katako suna ɗaukar hoto, wasu kuma, abin mamaki ba ya ƙarewa, sun shiga kwalekwale suna tuƙi a ruwan da ko akuya ba za ta sha ba. Baba kuwa sai ka ce an mayar masa da shekarunsa. Ya nuna mata inda ake sauke gawayi, da inda wani abokinsa ya rasa yatsa, ya kira sunayen jirage da na masu tuƙa su ba tuntuɓe. Nankling ta ji daɗi har cikin ranta, tana riƙe da gwiwar hannunsa tana cewa to, Baba.

Da azahar ta yi suka sami wani lungu a gefen ruwa. Ta zuba masa ruwa ya yi alwala. Agogon nan an yi shi ne yadda tsoho ba zai iya cirewa ba, amma tun tuni Nankling ta sassauta maɗaurin, saboda kukan da yake yi cewa ruwa ba ya taɓa fatarsa. Ya zare shi ya ajiye a kan wani dakali. Ita kuma ta juya ta tsaya tana tare masu wucewa kada su gitta masa. Ya idar, ta naɗe darduma, suka haye gada zuwa ɗaya gefen, ba wanda ya tuna da agogo.

A can ne ya ce gwiwarsa ta gaji, ya zauna a benci. Ya shafa hannunsa, ya ɗago kai.

"Ɗiyata, koma ki ɗauko mini agogona."

Ta ce su koma tare, a hankali. Ya dube ta irin duban da manya ke yi wa yaron da ya fara wuce gona da iri, ya tambaye ta ko yanzu sai ya maimaita magana. Nankling ta san ƙa'idar aikinta sarai, ba a barin mai ciwon mantuwa shi kaɗai, ita ce ma ke koya wa sababbi. Amma dakalin ga shi can ana hangowa, agogon kuma in ya ɓata akwai magana, mutumin kuwa tun safe bai yi kuskuren kalma ɗaya ba. Kafin ta gama shawara ƙafarta ta riga ta kama hanya, kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

Ta sami agogon inda ya bar shi. A dawowa ne wasu masu ɗaukar hoton aure suka toshe gadar, ta yi ta ba da haƙuri tana kutsawa. Da ta fito, benci babu kowa. Sandarsa ce kawai jingine da ƙarfen da ya raba hanya da ruwa.

Ta ruga wajen ƙarfen. Ta leƙa ruwan tukuna, don can zuciyarta ta fara zuwa. Ruwan kore ne shar, ba a ganin komai a cikinsa, kuma ya ƙaru sosai tun zuwansu. Ta kira Baba, ta sake kira da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Ta shiga ɗakin masu tukwane, ta tambayi wata mata ko ta ga dattijo baƙi da farar riga da hula. Matar ta ce ba ta lura ba, ta ce ta kira 'yan sanda mana.

Wayar tana hannunta, lambar kuma ba wanda bai san ta ba. Sai dai Nankling ta san abin da kiran zai jawo. In ta kira, ko da an same shi lafiya lau, Baba ya gama kwana a ɗakinsa, ya gama ganin jiragen ruwa ta tagar falo. In ba ta kira ba, ta same shi da kanta, su koma gida kamar ba a yi ba. In kuma ba ta same shi ba fa? Ta mayar da wayar aljihu, ta ruga.

Unguwar ba ta taimaki mai nema ba. Kowane titi in ka bi shi sai ya mutu a bakin ruwa, wani da shingen waya, wani da katangar masu gini. Ta bi na farko ta dawo, ta bi na biyu ta dawo, numfashinta na fita da ƙyar. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara. Zaituna ce ta turo saƙo, wai tana ganinsu a waya suna ta zagaya, Baba ya sami ƙarfi yau, su ji daɗinsu. Nankling ta dubi agogon da ke damƙe a tafinta, kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

A titi na uku ta hango wani farin abu yana yawo a kan ruwa, kusa da katanga. Ta tsaya cak. Ta dafa shinge ta zuba ido har abin ya juya, ashe leda ce. Amma a ɗan tsakanin nan ta riga ta ga kanta tsaye a gaban Zaituna tana bayanin dalilin da ya sa ta yi shiru. Ta gane cewa tsawon wannan gudu ba tsohon kaɗai take karewa ba, har da kanta. Ta zaro wayar ta kira 'yan sanda, ta faɗi kamanninsa da ciwonsa da sunan titi. Sannan ta kira Zaituna ta gaya mata komai, har maɗaurin da ta sassauta. Zaituna ta ce ga ta nan, ta kashe.

Ba ta ko mayar da wayar aljihu ba wani mai kwalekwale ya ɗaga mata hannu daga cikin ruwa. Ya ce in tsoho take nema, akwai ɗaya zaune a bayan katangar da ke gaba. Nankling ta ji kamar ta kurma ihu. Ta sami wata 'yar kafa a shingen, ta matsa ta shige, wayar shingen ta yage mata riga.

Yana nan zaune a kan wani tsohon turken ƙarfe da ake ɗaure jirage a da, ƙafafunsa dab da bakin ruwa, hannuwansa a kan gwiwa. Ba ta kira shi ba, kada ya firgita. Ta lallaɓa ta bayansa ta kama gefen rigarsa da hannu biyu, sannan ta durƙusa. Ya waiwayo, ya kira sunanta daidai, idonsa tar.

Ya ce kada ta yi fushi. Agogon bai manta da shi ba, da gangan ya bari, don ya san in ya aike ta za ta je. A nan ne ya ɗaure jirginsa na ƙarshe, kuma abin da yake so kawai ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci, ba mai riƙe da hannunsa kamar jariri. Ya ce su tashi su tafi, Zaituna ba sai ta ji ba.

Jiniya ta karyo kwanar titin, ta yi shiru a bayan shingen. Baba ya saurara. Ya dubi hasken da ke wulgawa a jikin katanga, ya dubi Nankling.

"Kin kira su?"

"Na kira, Baba. Na gaya wa Zaituna ma."

Ta jira faɗa, ta ma fi son ya yi faɗan. Bai yi ba. Ya gyaɗa kai a hankali, ya gyara zaman hularsa.

"Can inda za a kai ni, kin ce kin ga ɗakin. Ana ganin ruwa?"

Tagar ɗakin wurin ajiye motoci take kallo. Nankling ta buɗe baki, ƙarya ta ƙi fitowa.

"A'a, Baba."

Ya mayar da fuskarsa ga kanal ɗin. Ganye rawaya na ta faɗowa a kan ruwan, wani kwalekwale ya wuce, na ciki suna dariya. Can ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, ta je ta ce wa mutanen su ɗan jira shi.

Nankling ba ta tashi ba. Ta ƙara damƙe rigar, hawaye na zuba a kan hannunta, tana jin takun 'yan sanda a kan tsakuwa yana matsowa.