Injin da Na Tarar da Ɗumi

A sana'armu ta saye da sayar da tsofaffin baburan gudu, manyan nan da samari ke hauka a kansu, akwai abin da ba ma wasa da shi. Kafin a tayar da inji, sai ka ɗora hannu a kansa. In ka ji ɗumi, to mai shi ya riga ya tayar ne don ya ɓoye maka ciwon da ke fitowa da sanyin safiya. Ni in na ji ɗumi, ko sallama ba na yi, tafiyata nake.

Wata safiya na je Dabai, kusa da Zuru, gidan wata tsohuwa. Ɗanta soja ne, ya tafi bakin daga bai dawo ba, ya bar babur. Ciwon ƙafa ya matsa mata, 'yarta za ta ɗauke ta zuwa Rikoto, ɗaki ɗaya, babu inda za a ajiye shi. Dole ta rabu da shi.

Ta kai ni ɗakin ajiya, ta yaye zanen da ta lulluɓe babur ɗin da shi. Kai! Ja ne, ƙato, yana ta sheƙi tsakanin buhunan dawa. Na taɓa injin, na ji ɗumi. Raina ya ɓaci.

"Haba Mama, har da ke? Wa kika sa ya tayar kafin in zo?"

"Ni ce, ɗana."

Wallahi dariya na yi. Ba ta kula ni ba. Ta ciro makulli daga igiyar wuyanta, kusa da gicciye, ta murɗa, ta danna maɓalli. Ɗakin ya ɗauki rugugi, kaji suka watse. Ta ɗan murza totur, ta karkata kai tana saurare.

"Ranar da zai tafi ya ce kullum da safe in tayar masa, kada ya lalace. Bai ce in daina ba."

Matar da ko keke ba ta taɓa hawa ba! Shekara da shekaru, da fetur ɗin kwalba. Ban taɓa jin inji mai lafiya irin wannan ba.

Da muka gama ciniki muka turo shi ƙofar gida, ta miƙo makullin, amma ba ta saki ba.

"Wanda za ka sayar wa, yana tashi da wuri?"

Na ce kafin a same shi, ni zan riƙa tayarwa.

Babur ɗin ya daɗe a shagona cikin Zuru. Duk wanda ya zo taya shi da safe sai ya taɓa injin, ya ji ɗumi, ya harare ni, ya yi tafiyarsa.