Rehana Bano, Wadda Ta Koya wa Na'ura Cewa "Ban Sani Ba"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 18 ga Fabrairu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Rehana Bano a asibitin garin Labasa, tana da shekara arba'in da ɗaya. Cutar fitsarin ɓera ce ajalinta, wadda ta kwaso a ruwan ambaliyar farkon wata. Washegari muka kai ta makwancinta, ƙasa ko tsanewa ba ta yi ba.

Yaya Rehana, ni ne Faiyaz, wanda kika ɗauka aiki a ɗan ofishinki na saman shagon tela. Manhaja muke rubutawa don ɗakunan shan magani na ƙauyukan masu noman rake, inda babu intanet, wuta kuma sai ta ga dama. Rumbun bayanan da kika gina ba shi da wani ado. Umarni biyu ne ginshiƙinsa, na ajiyewa da na ɗaukowa: a ba shi lambar katin mara lafiya ya adana bayaninsa, a sake ba shi lambar ya fito da shi.

Da na ce ai wannan ko ɗan koyo zai rubuta, sai kika turo mini gurasarki ta roti da miyar kabewa. "Ci ka ƙoshi, Farfesa, sai ka rubuta mu gani." Na rubuta. Kika bari yana tsakiyar ajiye bayani, kika sa ƙafa kika fizge wayar wuta. Komai ya watse. "Haka take yi a ƙauye," kika ce, "ba ta sallama."

Duk da wannan tsantsenin naki, abin da ya faru da Baba Sakiusa ya faru. Tsoho ne mai saran rake, ya je wurin Mereoni, malamar jinyar ƙauyensu, da gyambo a ƙafa. Wajen buga lambarsa aka yi kuskuren harafi ɗaya. Na'ura ta nema ba ta samu ba, ta nuna fili fari a gurbin magungunan da jikinsa ba ya so. Mereoni ta ɗauka babu ke nan, ta yi masa allura. Kafin motar da ta ɗauko shi ta iso gari, rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya ambaci sunanki. Ke kika ɗauki ƙafa zuwa gidan makokin, kika zauna a tabarma gaban matarsa kika ce, "Inna, ni na rubuta abin da ya ɓoye mata." Tsohuwar ba ta ɗago ta dube ki ba har kika tashi.

Da kika dawo, kika sake umarnin ɗaukowa daga tushe. In ya nemi lamba bai samu ba, dole ya ce bai san wannan mutum ba, ya kuma hana a ci gaba sai an duba. Kika bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya a bas, kina sa gyaran da hannunki. Daga lokacin dariyarki ta ragu.

Da ruwa ya shiga ɗakin shan maganin Mereoni, ta kira ki tana kuka: bayanin masu ciki da masu ciwon sukari na ƙauyen duka yana cikin kwamfuta ɗaya, ruwa kuma ya kusa kai teburin. Na ce ki jira ya janye. Kika ce, "Kai dai tsare ofis." Kika ratsa ruwa iya ƙirji da yanka a tafin ƙafa, kika fito da na'urar a kanki. Kwamfutar ta tsira. Ke kuwa zazzaɓi ya kama ki, kika ce mura ce. Kafin idanunki su yi ruwan ɗorawa a gane, ƙoda ta riga ta tsaya.

Ranar da na zo duba ki, da ƙyar kika buɗe ido. "Me kake yi a nan? Gobe awon ciki ne, je ka mayar mata da na'urarta." Na tafi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Imtiyaz, da 'ya'yanki Sameera da Nazia, da mahaifiyarki. Haka kuma ga Mereoni, wadda ranar jana'iza ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, tana ta cewa ita ce ta kira ki. Mahaifiyarki ce ta taso da sandarta, ta kamo hannunta ta ce, "Shigo, 'yata. Ko ba ki kira ba, da ta zo."

Allah ya jiƙanki, Yaya Rehana. Ya gafarta miki, ya sanyaya makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya abin da kika bari, ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.