Rumbun da Ban Leƙa Ba

Shekaru sun yi nisa, kuma a lokacin ban rubuta komai ba. Abin da zan faɗa daga ka yake fitowa, kuma ina zargin kan nawa ya sha gyara labarin don ya sama mini sauƙi. Mai yiwuwa na haɗa rana biyu sun zama ɗaya, ko na sa maganar wani a bakin wani. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, shi ma zan faɗa.

An sallame ni daga soja a ƙarshen damina, cikin shekarun saba'in, shekarar da fari ya maimaita. Bayan na gama kwaleji na shiga, na yi shekara biyu, na fito da igiyar kafaran, wato kofur. Takarda biyu na fito da su a aljihu. Ta farko farmin tuƙa kamiyo, wato lasisin babbar motar kaya, don a bariki na koyi mota, kuma watannina na ƙarshe a kan hanyar arewa na yi su, muna kai jar dawa ta taimako. Ta biyu daga makarantar horon malamai ta Damagaram ta zo, tana cewa na ci jarrabawar shiga, an ba ni gurbi, da ci da kwana. Saura mako biyu a rufe karɓa. Shekaruna kuma sun kai iyaka: in ban shiga a wannan shekara ba, baɗi ba za a ɗauke ni ba.

A Magarya na sauka. A bakin ma'ajiyar hatsin taimako na gamu da wani tsohon ajidan namu, babbanmu a bariki, da ya ajiye kaki, aka ba shi kula da motocin wurin.

"Kafaran! An sako ka ke nan? Matso in ga ko gwamnati ta yi asarar shinkafarta."

Muka gaisa. Ya ja ni gefe, ya nuna mini wata kamiyo a tsaye.

"Ba ta da direba. Daga Damagaram za ka ɗauko, ka sauke a Bande, ka sauke a nan, wani lokaci ka wuce Dungas. Albashin ba yawa. Amma duk wata kana da buhun dawa guda, naka, ba mai tambayar ka. Ka san abin da buhu yake nufi bana."

Na sani. A arewa na ga mata suna bin ƙarƙashin motarmu da rariya, suna tankaɗe rairayi don tsabar da ta zube. Na fiddo takardar makaranta na miƙa masa. Ya riƙe ta nesa da ido ya karanta.

"Mushe za ka zama, malamin makaranta? To, madalla. In ka je ka tambaye su ko ana tuƙa tuwo da alli. Ina jiran ka har kasuwa biyu. Bayan nan, dubi bakin ƙofa, mutum nawa ka gani?"

Na ce masa sai na je gida na gani. Abin da na ƙudura a raina mai sauƙi ne, ko haka na ɗauka: in gidanmu yana da abincin da zai kai su damina, in tafi makaranta, in babu, in karɓi motar.

Ƙauyenmu yana gabas da Dungas, tafiyar rabin yini a ƙasa. Ni ne ɗan fari. Mai karatu na yanzu wataƙila ba zai gane nauyin wannan ba. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama da ni mu biyu ba. In yana da magana sai ya dubi wani wuri ya ce, "A gaya wa yaron nan ya ɗaure jakin," ko da ina tsaye a gabansa. Inna ta fi shi ma. In na shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a ɗaki. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wurinmu ita ce mutunci. Magana mai nauyi tsakanina da Baba ta hannun ƙanensa take bi, wanda muke kira Baffa. Mutum ɗaya ce kawai a gidan take faɗa mini duk abin da ta ga dama: Kaka, uwar Baba. Ita kuwa abokiyar wasata ce. Tsakanin jika da kaka ba a magana sai da tsiya, kuma ba mai ɗaukar abin da aka faɗa da gaske.

Rumbu biyu Baba yake da su a bayan gida, na zana, kowane a kan duwatsu da hular jinka. Ɗaya ake ci tun daga kaka. Ɗayan na tsimi ne: a cika shi, a ɗaure hularsa da igiya, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da ake noma da yunwa. Maigida kaɗai yake hawa rumbu. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa. Ɗan da ya leƙa rumbun ubansa kamar ya tambaye shi ne ko ya gaza.

Ranar da na iso, kafin ma in shiga gida, na zaga ta baya. Na ga gonaki a hanya, na ga karan da bai kai ƙuguna ba. Amma rumbun tsimi yana nan a rufe, an ɗaure hularsa da sabuwar igiyar kaba, ɗauri uku irin na Baba. Na tabbata da wannan. Na tuna na yi ajiyar zuciya, na ce ashe gonarmu ta kwari ta yi abin kirki.

Kaka tana zaune a inuwar ɗakinta tana tsinke ganyen tafasa.

"Kai, maigida ya dawo! Ina ganimar yaƙin? Ko da ƙafa biyu kawai ka zo mini?"

"Tsohuwa, ba ki mutu ba har yanzu? Ni da na zo cin gumba."

"Wace gumba? Ko na mutu bana ba gumbar da za ka ci. Rumbun ubanka in ka yi tari a ciki amsa maka zai yi."

"Ke kika cinye, da haƙori biyu."

"Haƙori ɗaya, ɗan nema. Ɗayan ya gaji da zaman banza ya tafi."

Ƙannena suka yi dariya, ni ma na yi. Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ina jin ba ta yi dariya ba, amma ba zan rantse ba.

Kwana shida na yi a gida, ko bakwai. Tuwo sau ɗaya ake yi a yini, amma kowane gida haka yake a shekarar, kuma ni akushina a cike yake zuwa. Ban tambayi kaina daga kwanon wa aka ɗiba aka cika shi ba. A rana ta uku na je wurin Baffa da hantsi, na same shi yana gyaran dangar gidansa. Na shimfiɗa masa takardun biyu, na bayyana masa komai, har da buhun dawa. Na roƙe shi ya tambayi Baba abu ɗaya: gidan zai kai damina?

"Haba ɗana, wannan ai ba tambayar da ake yi wa magidanci ba ce."

"To Baffa, ka tambaye shi ta yadda ake yi."

Da la'asar ya je. Na hango su a gindin itacen bedi, Baba yana tufka igiya, bai ɗaga kai ba. Ba su daɗe ba. Baffa ya dawo ya ce, "Ya ce a gaya wa yaron, shekara goma yana tafiya lakwal da ƙafa neman boko, ba don ya zama direba ba. Ya ce mai rumbu a rufe ba a yi masa jaje."

"Ya ce akwai ke nan?"

"Abin da ya ce na faɗa maka."

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Tun ina yaro na san ƙarƙashin rumbu mai hatsi wurin kaji ne. Tsaba tana zubowa ta tsakanin zana, kullum za ka gan su suna tono, ƙasar wurin duk zanen ƙafarsu. A kwanakin nan, duk safiya in zan fita gona ta nan nake wucewa. Kaji uku suka rage a gidan, kuma a ƙarƙashin rumbun ci suke yini. Ƙarƙashin na tsimi sumul yake. Na gani. Abin da ban sani ba shi ne ko na fahimta a lokacin. Wani lokaci ina ce wa kaina daga baya na ƙirƙiro wannan don in azabtar da kaina. Wani lokaci kuma ina tuna yadda na riƙa sauri in na zo daidai wurin. Tsani yana jingine da katanga, taku huɗu. Mutumin da ya hau saman kamiyo sau ɗari bai hau wannan ba. Na ce ladabi ne ya hana ni. Ina son makarantar nan ƙwarai, wannan kam na tabbata.

Ranar tafiya Kaka ta kama hannuna, ta daɗe ba ta saki ba.

"Tafiya za ka yi ka bar amaryarka da ganye? Ka ɗauki motar nan, maigida. Ko a bayanta ka ɗaura ni."

"In na zama mushe zan sayo miki haƙoran zinariya."

"Sai ka zuba su a kabari."

Na yi dariya, don haka ake yi. Baba yana zaure. Na durƙusa, ya dubi bakin ƙofa ya ce, "A ce masa Allah ya tsare." A Magarya ban iya zuwa wurin ajidan ba. Na ba wani saƙo ya gaya masa, na hau mota zuwa Damagaram.

A makaranta muna cin abinci sau uku. Da safe burodi, da rana shinkafa ko tuwo, har muna ƙorafin miya ba nama. Na rubuta wasiƙa gida sau biyu ta hannun mushen ƙauyen da ke kusa da namu. Amsa ɗaya ta zo: kowa lafiya, a dage da karatu. A ƙaramin hutu ban je ba, na zauna ina bitar lissafi, don shekara biyu a bariki sun sa na manta da yawa, kuma ina tsoron a kore ni. Dalilin gaskiya ne. Ban sani ba ko shi kaɗai ne.

Sai da zafi ya yi tsanani, ana jiran ruwa, Baffa ya aiko da wani mai zuwa birni. Kaka ta rasu tun wata biyu da suka wuce, Baba ya hana a gaya mini. Yanzu kuma shi ne kwance. Kafin in sami izini in kama hanya, an riga an kai shi makwanci.

Abin da ya faru a bayana, daga bakin Baffa na ji. Rumbun ci ya ƙare tun kafin tsakiyar rani. Suka koma cin anza, ƴaƴan wani itacen daji, ana jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, da dusa in an samu. Kaka ta fara cewa cikinta ba ya son abinci, tana tura wa yara rabonta. Baba, da shekarunsa, ya tsallaka iyaka da ƙafa neman aikin ƙarfi, ya dawo bayan wata guda da ƴar dawa a buhu, ƙafafunsa a kumbure. Dawar taimako tana zuwa Dungas, amma rabon yana da wuya, kuma Baba bai je layi ba sai can daga baya. Mutumin da duk gari ya ga rumbunsa a rufe, da wane ido zai tsaya a layi?

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki tsanin. Yanzu ni ne maigida, ba mai hana ni. Na kwance ɗauri ukun, na ɗaga hular. Kara ne a ciki, an jera shi da kyau har kusan baki, yadda zanar za ta cika ta yi tumbi kamar mai hatsi. A sama akwai dami biyu na gero, irin shuka, ba a taɓa su ba. Ko a kwanakinsa na ƙarshe bai bari an taɓa su ba. Su muka shuka a daminar.

Na sauko na sami Baffa. Na ce, "Yaushe ya rufe shi?"

Ya ce, "Ranar da wasiƙarka ta zo, mai cewa an sallame ka kuma ka ci makaranta. Washegari na gan shi yana jidar kara."

"Kuma ka sani lokacin da na aike ka?"

"Ban leƙa ba, ɗana. Yayana ne."

Inna ta faɗi wani abu dabam. Wannan shi ne karo na farko da ta yi mini magana doguwa, tana kallon ƙasa. Ta ce tun kafin wasiƙata ya rufe shi, don maƙwabta ne, kada a ce gidan ya faɗi. Ta ce kada in ɗora wa kaina. Ban san wanda ya fi tunawa daidai ba a cikinsu, kuma ina jin kowannensu yana so ya rage mini wani abu ne.

Na koma makaranta na gama, daga baya har na wuce jami'a. Ƙannena sun rayu duka. Buhu ɗaya a wata, da an haɗa da ganye, ina ganin zai riƙe gidan har damina. Ina gani ne kawai, ba likita ba ne ni, kuma wasu da suke da fiye da haka sun rasa tsofaffinsu a shekarar. Wanda ya karɓi motar a madadina na gan shi sau ɗaya a Bande bayan shekaru, da ubansa a gaban mota, tsoho mai farin gemu, yana cin goro.

Baffa da Inna sun riga mu gidan gaskiya. Amma akwai sauran waɗanda suka zauna a yankin Dungas a shekarar, wataƙila har da maƙwabtanmu da za su gane gidan ko da ban faɗi suna ba. Ina roƙon duk wanda ya ga na yi kuskure ya aiko mini da gyara, kome ƙanƙantarsa. Abu biyu na fi bukata. Wanda ya ga ranar da Baba ya jidi karan nan, ya gaya mini ko kafin wasiƙata ce ko bayanta. Wanda kuma ya tuna ko a lokacin akwai sauran kaji a gidanmu, shi ma ya faɗa mini, ko da amsar ba za ta yi mini daɗi ba.