Furar Sarki Mai Dafi

Tun ina kolej a Tasawa Allah ya jarrabe ni da son tiyatir, wasan kwaikwayo irin na mutanen da, wanda ake buɗewa da sarki bisa karaga a rufe da gawawwaki. Ina son mutanen cikinsa, kuma har yau haushinsu nake ji. Sarki ya ci ya ƙoshi, ba fari ba fara a ƙasarsa, sai ya tsaya tsakar fada yana ta surutu shi kaɗai don wata ba ta dube shi ba. Sarauniya kullum cikin shirin mutuwa take, ga baiwarta a gefe tana ba ta shawarar banza. Gwanina shi ne manzon nan da ke faɗowa yana haki, a ce masa wa ya mutu, shi kuwa ya faro daga yadda gari ya waye. Duk cikinsu ba wanda ka taɓa gani yana neman abin sawa a tukunya, shi ya sa suke da lokacin wannan shegantaka.

Shekarar babban farin nan, sojoji na mulki, ina mushe, wato malamin boko, a wata lakwal ta firamare a ƙasar Mayahi. Tukunyar kantin ɗinmu, inda ake ciyar da 'yan makaranta, ta daɗe a kife, yara kuwa suna ta zarewa ɗaya bayan ɗaya. Sai aka ce wani babban soja zai biyo rangadi. Direktanmu ya kira ni ya ce, “Mushe, ga ranar haukanka ta zo. Ka yi mishi tiyatir. In ya ji daɗi, wataƙila ya bar muna dawa.”

Na zauna na tsara wasa da Hausa: sarki adali, ƙanensa ya sa masa dafi a fura. Sarautar na ba kaina, don na daɗe ina marmarin in mutu a gaban jama'a. Na yi ta koyon faɗuwa a ɗakina har gwiwata ta kumbura. Likitan garin ya zama mugun ƙane, dafinsa kuwa garin kuka ne cikin ƙulli. Matar direkta ta ce soja zai zauna kusa, ba za a kai wa sarki ƙwarya wofi a ji kunya ba, ta dama fura ta gaske da ɗan geron da ya rage mata.

Bayan la'asar aka taru a filin lakwal. Soja da mutanensa a kan kujeru, jama'ar gari a ƙasa. Can baya ga mutanen arewa, na wajen Issawane, waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka zo suka yada zango a bakin gari. Wasa ya tafi daidai. Likita ya barbaɗa dafi a idon kowa, mata suna salati, aka miƙo mini ƙwarya.

Na ɗaga ta ke nan na ga idanu. Ba ni suke kallo ba, ƙwaryar suke bi. Ni kuwa uwata ta yi mini tarbiyyar da ba na kai abu baki a gaban mutane ban yi tayi ba, ko guntun goro ne. Kafin in tuna ni sarki ne, bakina ya riga ni: “Bismillanku.”

Kowa ya san amsar wannan, a yi godiya a bar ka da abinka. Amma wani tsoho daga can baya ya miƙe, ya ratso mutane da sandarsa, ya durƙusa gabana ya miƙo hannu biyu. Wa zai yi tayi ya janye? Na ba shi. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya.

Sojan nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mutanensa suka taya shi, suna bugun cinya, wani na cewa a jira a ga ko tsoho zai mutu. Ni ina tsaye da rawanin aro, sarki mai rai, ba dafi ba mutuwa. Ban taɓa jin ƙyamar sautin dariya irin na ranar ba. Sarakunan tiyatir ɗina duk muguntarsu ba su taɓa yi wa mai yunwa dariya ba, ko da yake su ba su taɓa ganinsa ba.

Dawa dai sojan ya bar mana, jar nan ta taimako, ya ce bai taɓa ganin wasan ban dariya kamar wannan ba. Tukunya ta hau wuta, yara suka dawo, ni ma na ci, ba zan yi ƙarya ba.

Da taro ya watse na iske tsohon a gindin itacen bedi yana share gemu. Na ce, “Baba, wasa ne hwa, ka sani ko? Kuka ce, ba dahi ba.”

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ni ban san wasa ba. Na dai ga sadda yaron ga ya zuba. Na ce ko mi ne ne, hura ce.”

Ya dafa sandarsa ya tashi, har ya yi gaba ya waiwayo.

“Gobe ma za a sa ma sarkin dahin?”