Abdulƙahar, Mai Jin Kiɗa da Tafin Ƙafa

Tun kafin masu zemijan, wato baburan haya, su cika titi, Baba Abdulƙahar ya riga ya buɗe shagonsa. Shagon kwano ne a lungun da ke fita Jonquet, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya haƙura da tsayuwa. Aikinsa na farko kullum shi ne goge bakin wayoyin kayan sautinsa. Zai zauna a kan wata tsohuwar lasifika da tsumma a hannu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, domin iskar da ke busowa daga bakin teku a Placodji gishiri gare ta, gishiri kuwa ba ya raga wa ƙarfe. In ya gama ya naɗe su a hankali, ya rataye kowace a ƙusarta. Wanda ya naɗe masa waya a gwiwar hannu kamar igiyar guga, to ranar sun ɓata. Shekara talatin da huɗu ke nan yana kai kayan sauti, abin da muke ce wa sono, gidajen biki da suna da walima a Zongo. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, saboda likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama ma ya kama hanya.

Ni Shamsudeen, ni ke riƙe makirufo a yawancin bukukuwan nan. Na kira sunan ango da amarya, na kira mawaƙa, na kira fataken shanu da suka zo rakiya, har mai dafa shinkafa na taɓa sa an yi mata tafi. Amma tun da ya fara aikin nan, har zuwa Asabar da ta wuce, ba a taɓa jin sunan Abdulƙahar ya fito ta lasifikar da shi ya ɗauko, shi ya kafa ba. Abin da ke ci mini rai ke nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami. In sauti ya yi daɗi, an ce muryar mawaƙiya ce. In ya yi fito sau ɗaya, rumfa gaba ɗaya ta juyo tana neman mai sono, har da masu tsaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutane da yawa da ya yi wa bikin 'ya'yansu ba su ma san yana da suna ba.

Ku tambayi Hajaratu mai sayar da kifi a Ladji. Ranar sunan jikanta ruwa ya cika unguwa har gwiwa, mai dakon kayan sautin ya ƙi shiga da kekensa. Ta ce da idonta ta hango Baba ya naɗe wando, lasifika a ka, yana laluben hanya da ƙafa. Sawu huɗu ya yi. Liman ya yi addu'a kowa ya ji, aka ci aka sha, aka watse, shi kuma ya sake yin sawu huɗu.

Amma inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne wajen bas, gitar nan mai kaurin murya wadda ita ke riƙe da ƙugun masu rawa. Makaɗinta yana da ampili, akwatin da ke ƙara mata murya a dandali. Yawancin masu sono makirufo suke kangawa a gaban akwatin, sai ya kwashe ƙarar janareto da hon ɗin zemijan da kukan yara ya zuba a kunnen jama'a. Baba bai taɓa yarda da wannan ba. A bayan ampili akwai wata kafa mai haƙora uku, daga nan yake jan waya kai tsaye zuwa teburin haɗa sauti. Ya sha gaya wa makaɗa cewa akwatinsu na kunnensu ne su kaɗai, kunnen jama'a kuwa a bar masa. Sannan in ya gama haɗawa sai ya tuɓe takalmi ya tsaya a ƙasa, ya ce bas ɗin da tafin ƙafa bai ji ba bai isa ƙarshen rumfa ba. Mun daɗe muna yi masa dariya a kan haka, muna cewa takalmin ne yake tattali.

Bara, a bikin Labiba, dangin ango suka ce Baba ya tsufa, kayansa ma sun tsufa. Suka ɗauko Alhaji Fadel, wani mai sababbin kaya da ya zo da lasifiku suka tsaya kamar katanga. Baba katin gayyata kawai aka ba shi, ya zo cikin farar shaddarsa ya zauna can baya.

Kun san al'adarmu, tsofaffi ake ba kujerun gaba, dab da makaɗa, domin girmamawa. Aka zaunar da Hajiya Yalwa, kakar amarya, ampilin Chaïbou mai bas yana kallon ƙirjinta. La'asar ta yi sanyi, kiɗa ya ɗauka, sai Hajiya ta yafito shi ta ce, "Ɗana, abin nan naka a zuciyata yake bugawa." Chaïbou ɗan mutunci ne, ya rusuna ya rage akwatinsa. Bai san cewa Alhaji Fadel ya haɗa wayar yadda sautin da ke zuwa tebur yake bin abin da makaɗi ya murɗa ba. Yana ragewa, bas ya ɓace daga titin gaba ɗaya. Kiɗa ya zama kamar miyar da ba gishiri, mata suka tsaya cirko-cirko a fili. Alhaji ya tura sautin tebur har ƙurya, sai wani gurnani ya taso ya danne muryar mawaƙiya. Da ya rasa yadda zai yi, ya nuna Chaïbou da yatsa a gaban mutane ya ce gitarsa ce ruɓaɓɓiya. Shugaban makaɗa ya riga ya fara yi wa Chaïbou alama ya sauka. Mutum ya girmama tsohuwa, sakamakonsa a kore shi a bainar jama'a, ku ji fa.

Ba wanda ya kira Baba. Mun dai gan shi ya ratso kujeru, ya zaga bayan dandali, ya durƙusa a cikin yashi da farar shaddar nan. Chaïbou ya ba ni labarin abin da ya yi. Ya danna maɓallin da ke sa sauti ya fita kafin ya bi ta hannun makaɗi, ya murɗa ɗan abin da ke ƙara wa wayar ƙarfi, wanda aka bari kusan a kashe, sannan ya danna wani da ke yanke gurnanin wuta. Ya ɗaga wa Alhaji hannu ya rage nasa. Ya tuɓe takalmi, ya ce wa Chaïbou, "Kaɗa, ɗana. Kada ka ƙara komai." Bas ya dawo da kauri da tsabta har bakin titi, akwatin da ke gaban Hajiya kuwa yana nan a rage. Ta ci gaba da cin goronta, mata suka koma fili, shugaban makaɗa ya yi kamar ba shi ya yi alama ba.

To, laifi tudu ne, bari in sauka daga kan nawa. Makirufo yana hannuna a lokacin. Ina kallon Baba yana karkaɗe yashi daga gwiwarsa, na buɗe baki na ce a tafa wa Alhaji Fadel da kayansa na zamani. Aka tafa, Alhaji ya ɗaga hannu biyu. Na yi haka ne don dangin ango suna kallona, kuma Alhaji yakan gayyace ni aiki a manyan bukukuwa. Baba ya ɗauki takalminsa ya koma kujerar baya. Bai taɓa yi mini maganar ba, shi ya sa har yau take ƙona ni.

Baba, kai ne ka tsaya gaban lasifika shekara talatin da huɗu don kada ta yi wa jama'a ƙara, ta cinye maka kunne, mu muka tafi gida da namu lafiya lau. Kai ne ka ceci Chaïbou ba tare da ka kunyata wanda ya zage shi ba. Ginshiƙin rumfa, ana rawa a inuwarka ba a duba ka. Ba mu yi maka adalci ba, ni ne kuma na farko.

Asabar da ta wuce ya yi aikinsa na ƙarshe, sunan ɗiyar Halimat. Da rana tsaka na tsayar da kiɗa, na kira sunansa cikakke sau uku, na faɗi abin da ya yi. Jama'a suka miƙe suna tafi. Shi kuwa kansa na sunkuye a kan tebur, ƙafa ba takalmi, bai ji komai ba. Chaïbou ne ya yi dabara, ya ja tsirkiyar da ta fi kauri sau uku. Baba ya ji ta a ƙasa, ya ɗago da sauri yana neman inda aka samu matsala, sai ya ga rumfa a tsaye tana kallonsa. Ya yafito ni ya ce, "Shamsu, me ya lalace?" Na sa baki a kunnensa na dama na ce babu, sunansa na kira. Ya goge ido da tsumman waya, ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Amma ka riƙa janye bakinka kaɗan daga makirufo, jar fitilar tebur tana kamawa."

Mun gode, Baba Abdulƙahar. Allah ya saka maka, ya bar maka abin da ya rage na kunnen nan. Masu sono na yanzu, ku je shagon kafin ya rufe, ku koyi kafa mai haƙora uku, ku koyi durƙusawa bayan akwati. Ku kuma 'yan uwana masu riƙe makirufo, in kun gama kiran alhazai, ku waiwaya ku ga wanda ke zaune bayan tebur, ku tambayi sunansa, ku kira shi tun yana ji.