Malam Shekari da Injin Markaɗe

Malam Shekari mutumin Zonkwa ne, gajere mai saurin fushi, wanda ya daɗe yana koyar da lissafi a wata sakandare da ke Narayi. A ganinsa, lissafin da ya tsaya a kan allo asarar alli ce kawai.

A shekarar 1986, da 'yan aji huɗu suka kasa gane wani darasin lissafi da ake kira fankshan, sai ya tasa su gaba har rumfar Maman Judith mai injin markaɗe, ɗauke da kwano biyu na jiƙaƙƙen wake.

Ya ce, "Ku buɗe idonku da kyau. Fankshan kamar injin nan yake. In ka zuba abu iri ɗaya, dole abu iri ɗaya ya fito, ko yau ko gobe."

Da aka markaɗa waken, kwanon farko ya fito jajawur, domin ba a daɗe da markaɗa tattasai ba. Na biyu kuwa ya fito fari tas. Ɗalibai suka kwashe da dariya, Malam ya yi tsaye gumi na keto masa.

Maman Judith ta ce, "Haba Malam, ai da ka tambaye ni. Inji ba ya manta abin da ya ci, sai an ɗauraye shi."

Tun daga ranar har ya yi ritaya, in ɗalibi ya kasa gane karatu, Malam Shekari ba ya daka masa tsawa. Sai ya jawo kujera kusa da shi, ya ce, "Faɗa mini, me aka zuba maka kafin ka shigo ajina?"