Sarƙar da Na Gyara a Tungan Maje

Ana idar da sallar asuba muka bar Gudu, ni da maƙwabciyar shagona mai ɗinki, ina tafe ina hamma ina tsaki. Sana'ata haɗa sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, amma a makon nan kaina ya ƙafe ƙaf. Wata Hajiya da za ta aurar da 'yarta ta dawo min da zanen sarƙa har uku, kowanne ta kalla sai ta ce, "Ai wannan na gani a waya." Ta ba ni zuwa Juma'a. Idan ta tafi, da ƙawayenta za ta tafi, kuma su ne rabin masu shigowa shagona. Maƙwabciyar tawa ce ta ce mu je Tungan Maje wurin gwaggonta, wata tsohuwa 'yar Gbagyi, wai tana da duwatsun wuya irin waɗanda ban taɓa gani ba.

Tun a tasha na fara riƙe baki. Kuɗin motar da direba ya faɗa sai da na sa ya maimaita, ya ce, "Madam, fetur ne, ba ni ba." Muka cusu mu huɗu a baya kamar buhunan gawayi. A hanyar Lugbe hannunmu fayau, amma ɗaya hannun, na masu shiga gari aiki, motoci sun yi cirko-cirko har inda ido ya tsaya. Shekarata tara a Abuja, ban san haka mutane ke shan wuya kafin su iso mana ba. A Giri muka karya da soyayyar doya da yaji, doya mai gari, da arhar da ta sa na ƙullaci mai sayar mana a Gudu.

Da hantsi muka sauka a Tungan Maje. Nan na ga abin da a da labarinsa kawai nake ji: mata na dawowa daga gona, kowacce da ƙatuwar ƙwarya cike da doya ko itace, amma a kafaɗa, ba a ka ba. Na tsaya sororo har mai babur ya yi min oda. Maƙwabciyata ta yi dariya ta ce a wurinsu kai yana da daraja, ba a mai da shi jaki.

Tsohuwar ta tarbe mu da kunu mai sanyi. Da aka faɗa mata abin da ya kawo ni, ta cire sarƙar wuyanta ta miƙo min, ta shiga ɗora mana abinci, maƙwabciyata ta bi ta. Wallahi duwatsun sun yi kyau, ja da ruwan ƙasa da wani shuɗi mai duhu, sun sha hannu har suna sheƙi. Sai dai jerin ne ya tsone min ido. Manyan duk an tara su gefen dama, hagu kuwa 'yan ƙanana ne masu faɗi, ga zare ya yi baƙi, ƙulli a kan ƙulli. Na ce a raina wanda ya jera wannan bai san aiki ba. Mu a sana'armu babban dutse tsakiya yake zama, hagu ta yi daidai da dama. Almakashi da zare kuwa ba sa barin jakata. Na datse, na sake jerawa tsaf, ina jin kaina gwana mai yin alheri.

Tsohuwar ta fito, na miƙa mata ina murmushi. Ta karɓa. Ta juya sarƙar, ta sake juyawa, sannan ta ce da irin tata Hausar, "Wa ya ce maka ya lalace?" Ta saka ta, ta ɗauko ƙwarya ta aza a kafaɗar hagu. Nan take wani babban dutse ya nutse mata a ƙashin wuya. "Ka gani? Nan wurin kaya ne. Mamana ne ya ɗaure shi da hannunsa, ranar da za a kai ni gidan miji."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na ce, "Mama, don Allah ki yafe min." Ta zauna tana nuna min mazaunin kowane dutse da ka, ina zurawa, har azahar. Jeri ya koma yadda yake. Guntayen tsohon zaren kuma ta tsince su ɗaya bayan ɗaya daga kan tabarma, ta ƙulle a bakin zaninta. Duk da haka sai da ta haɗo ni da doya uku, abin da ya ƙara kashe ni ke nan.

Muka shigo motar dawowa. Wajen Lugbe idona ya faɗa kan wata mata a gabana, gyalenta ya rufe rabin sarƙarta, rabin adon da ta biya wa kuɗi a ɓoye. Na kira Hajiya na ce, "Ranki ya daɗe, amarya a wace kafaɗa take yafa gyale?" Ta ce, "Hagu. Lafiya dai?" La'asar sakaliya muka iso Gudu, ko gida ban je ba na buɗe shago. Na tara ado a dama, na bar hagu siririya. Ranar Alhamis Hajiya ta duba ta ce kamar sarƙar ta karkace. Amarya ta saka, ta yafa gyalenta ya rufe siririn gefen, sai Hajiya ta ce a yi wa ƙannen amarya irinta.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne in tambayi mai wuya yadda take yini kafin in taɓa zare. Aikina ya karɓu, alhamdulillahi. Amma har yau idan na ɗauki almakashi sai gabana ya faɗi, domin ƙullin da uwa ta yi wa 'yarta ni na yanke shi, kuma duk iyawata ban iya mayar da shi ba.